Ramatoulaye da Rabi: Nazari a kan Matar da Miji Ya Yasar a Littattafan Mariama Bâ da Balaraba Ramat Yakubu

Gabatarwa

Akwai littattafai iri biyu da ke shiga ajujuwan kwaleji da lise a nan Dakoro da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Iri na farko yakan shigo ta ƙofa, a hannun malamin Faransanci, a rubuta sunansa a allo, a yi jarrabawa a kansa. Iri na biyu kuwa a ƙarƙashin hijabi yake shigowa, ko a tsakiyar littafin lissafi, ko kuma a cikin wayar salula kamar yadda ake yi yanzu, idan aka gan shi a ƙwace. Une si longue lettre na Mariama Bâ, wato doguwar wasiƙar nan da aka buga a Dakar a 1979, yana cikin iri na farko. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990, yana cikin iri na biyu, shi da ɗaruruwan ƴan'uwansa da ake kira littattafan soyayya.

Abin mamaki shi ne, waɗannan littattafai biyu ciwo ɗaya suke dubawa: matar da ta tsufa a ɗakin miji, ta cika masa gida da ƴaƴa, rana tsaka ya juya mata baya saboda wata. Manufar wannan maƙala ita ce a ajiye su kafaɗa da kafaɗa, a ga abin da kowanne ya faɗa game da matsayin mace, a ga inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza, sannan a tambayi dalilin da ya sa muke girmama ɗaya muna korar ɗaya. Tambayar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen da aka ɗaga darajarsa a takarda yana bukatar littattafan da za a koyar da shi da su, kuma dole ne malamai su san waɗanda za su zaɓa.

Yadda mace ta shigo ƙagaggen labarin Hausa

Rubutun mata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma kafa tsarin ƴan taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Sai dai da ƙagaggen labari na boko ya zo, maza ne suka riƙe alƙalamin. Littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, babu ko ɗaya da mace ta rubuta. Matan da ke cikinsu ma ba su da ta cewa sosai. Mahaifiyar Shaihu Umar uwa ce da ta ƙare rayuwarta a neman ɗanta cikin sahara. Zainab ta Jiki Magayi kuwa ita ce sanadin gaba tsakanin Abubakar da Malam Shehu, amma labarin na mazan ne, su ke ƙullawa su ke ramawa.

Sai a 1980, shekara ɗaya bayan fitowar littafin Mariama Bâ, aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa ƴan kasuwa. A nan ne mata suka shigo da yawa: Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da sauransu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, manazarta irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi, aka yi ta muhawara a jaridu shekara da shekaru. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano, da sunan gyaran tarbiyya. Ke nan ƙwacen da muke yi a aji yana da tarihi, kuma ba mu muka fara shi ba.

Marubutan biyu

An haifi Mariama Bâ a Dakar a 1929, a gidan manya. Mahaifinta ya riƙe muƙamin ministan lafiya. Ta yi makarantar horon malamai mata ta Rufisque, ta koyar shekaru da dama, ta shiga ƙungiyoyin mata, sannan ta rubuta littafin nan tana da shekara 50. Shi ne ya fara cin kyautar Noma a 1980. Ta rasu a 1981.

Balaraba Ramat Yakubu kuwa ƴar Kano ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed. An cire ta daga makaranta, aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin yaƙi da jahilci. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, kuma tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Mai karatu zai lura da cewa mutanen Chennai sun ga abin fassarawa a littafin da mu maƙwabtansa ba mu ga abin karantarwa a ciki ba.

Wannan bambancin tashi ya bayyana a rubutunsu. Ɗaya ta rubuta ne daga cikin ajin da boko ya ɗaga, ɗayar kuma daga cikin waɗanda aka rufe wa ƙofar bokon.

Labaran biyu a taƙaice

Ramatoulaye malamar makaranta ce, mai ƴaƴa 12. Bayan shekara 25 da aure, mijinta Modou Fall ya auri Binetou, ƙawar ƴarsu Daba, ba tare da ya faɗa mata ba. Sai da aka ɗaura auren ne wansa Tamsir da amininsa Mawdo da liman suka zo suka shaida mata. Ba ta fita ba, ta shirya raba kwana kamar yadda addini ya tsara, amma Modou bai sake taka gidan ba har ya mutu bayan shekara 5. A cikin takabarsa ne take rubuta wa aminiyarta Aïssatou wannan wasiƙa. Ita Aïssatou, da aka yi mata kishiya, ta kwashe ƴaƴanta 4 ta tafi, ta ƙaro karatu, ta sami aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka.

Rabi kuwa matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, mai ƴaƴa 9. Tun kafin kishiya ta zo, kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isa, Rabi ce ke cikawa. Sai ya auro Delu, wadda ta daɗe a zaman kanta. Rikici ya tashi, ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya bar mata nauyin ƴaƴan. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe su da karatunsu, har ƴarta Saudatu ta auri attajiri Alhaji Abubakar. A ɗaya gefen kuma gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, zamansa da Delu ya watse, ya dawo yana neman a yafe masa. Rabi ba ta so, amma mazan da ke kewaye da ita, har da surukinta, suka matsa mata sai da ta koma.

Wa ke magana?

Babban bambancin salon littattafan shi ne bakin da labari ke fitowa. Mariama Bâ ta miƙa wa tauraruwarta alƙalami. Daga farko har ƙarshe Ramatoulaye ce ke cewa "ni", ita ke auna kowa, ita ke yanke wa kowa hukunci, Modou ba ya samun damar kare kansa sai ta bakinta. Dabarar takaba ma ba a banza aka zaɓe ta ba. Wata 4 da kwana 10 da aka tsare mace a ɗaki, ba fita ba ado, marubuciyar ta mayar da su lokacin da matar ta samu, karo na farko a shekara 30, ta zauna ta yi tunanin kanta. Wurin da littafin ya fi ƙarfi shi ne ranar da Tamsir ya zo bayan sadakar arba'in yana cewa zai gaje ta, ta buɗe baki a gaban liman ta lissafa masa matansa da ƴaƴansa da ya kasa riƙewa. Ɗaliban da aka karanta wa wannan wuri a aji, ƴan mata musamman, ba sa bukatar a yi musu sharhi.

Balaraba ba ta ba Rabi wannan dama ba. Mai ba da labari ne daga waje ke bin mutane gida gida, yana kawo faɗa da gulma da kai ƙara wurin dangi da shirin biki. Ba a shiga zuciyar Rabi a daɗe. Ana gane ta ne ta aikinta da amsoshinta. Wanda ya saba da ƙa'idojin tarke na Faransanci zai ce wannan rauni ne, kuma lalle akwai wuraren da labarin ke gudu fiye da kima, a wuce abin da ya kamata a tsaya a kai. Amma a tuna cewa wannan zubi ya fi kusa da yadda ake ba da labari a tsakar gidan Bahaushe, inda ba a san mutum ta abin da ya raya a ransa ba sai ta abin da ya yi da abin da aka ji ya ce. Bugu da ƙari, mace irin Rabi ba ta da ɗakin kanta da za ta rufe, ba ta da aminiya a Amurka, ba ta da wata 4 na zama. Ranar da aka sake ta, washegari sai an ɗora tukunya. Salon da ba ya tsayawa ya dace da rayuwar da ba ta ba da sararin tsayawa.

Abin hannu

Duk wanda ya karanta littattafan da idon basira zai ga cewa kishi ba shi ne ainihin jigonsu ba. Jigon shi ne wa ke ciyar da gida. Mariama Bâ ta zayyana yadda Modou ya jinginar da gidan da suka gina da gumin su biyu don ya saya wa Binetou da uwarta wani, ya kai surukarsa Makka, ya cire yarinyar daga makaranta yana biyan ta kuɗi duk wata. Balaraba ta fara labarinta ne da lissafin cefane. Dukansu biyu ba su ce addini ya zalunce su ba. Ƙararsu ita ce maza sun ɗauki izinin ƙarin aure sun yar da sharuɗɗansa, wato ci da sha da tufafi da muhalli da adalci. Saboda haka masu cewa littattafan nan ra'ayin Turawa ne aka shigo da shi don rushe aure, ko dai ba su karanta ba, ko kuwa sun karanta sun ga kansu a ciki.

Sai dai hanyar tsirar matan biyu ta bambanta. Ramatoulaye tana da albashi. Da shiga motar haya ta gallabi ƴaƴanta, Aïssatou ta saya mata mota. Da Daouda Dieng, likita kuma ɗan majalisa, ya nemi aurenta, ta iya cewa a'a, domin ba ta son sa so na aure, kuma ba ta son ta yi wa matarsa abin da aka yi mata. Wannan a'a kyakkyawa ce, amma albashi ne ya tsaya mata. Mata nawa ne a Dakoro ko Kornaka ko Birnin Lalle za su iya mayar da mai neman aure irin wannan, da ƴaƴa 12 a gabansu?

Rabi ba ta da takardar shaida, tukunya da murhu take da su. A nan littafin Balaraba ya fi kusa da mu. Matar da ke tuyar ƙosai a bakin tasha, da mai dafa shinkafa da wake ranar kasuwa, da mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, duk Rabi ce. Tun kafin marubuta, Barmani Coge ta yi ta kiran mata a waƙoƙinta na amada da su kama sana'a. A jihar nan ta Maraɗi ne kuma, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda aka gina a kan adashin da mata suka daɗe da sani, daga baya aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama. Abin da Balaraba ta nuna shi ne, mutuncin mace a idon dangi yakan tashi ne daidai da abin da ke hannunta: Rabin da aka kora ba ta da mai saurarenta, Rabin da ta tsaya da ƙafarta kuwa har nemanta ake yi.

Ƙarshen da ake ƙorafi a kansa

Mafi yawan sukar da ake yi wa Alhaki Kuykuyo Ne a kan ƙarshensa take. Ana cewa marubuciyar ta gina mace mai ƙarfi, sannan ta mayar da ita ɗakin wanda ya wulaƙanta ta, ke nan ta koya wa mata cewa haƙuri ne kaɗai makomarsu. A ganina wannan karatu bai yi wa littafin adalci ba. Da Balaraba tana son ta nuna komen a matsayin farin ciki, da ta sa Rabi ta yi murna, ta yi lalle, a yi ta guɗa. Ba ta yi haka ba. Ta nuna mace tana cewa ba ta so, ta kuma nuna maza sun taru sun yanke magana a kanta, cikinsu har da wanda alherinsa ya ɗaure mata baki. Mai karatu yakan rufe littafin da ɗaci a maƙogwaro, kuma wannan ɗacin shi ne saƙon.

Malaman fiƙihu sun san cewa bazawara ba a ɗaura mata aure sai da yardarta da ta furta da bakinta. Ke nan abin da ya mayar da Rabi ba shari'a ba ce. Abin da ya mayar da ita shi ne "a duba ƴaƴa", da "me mutane za su ce", da nauyin suruki. Duk wanda ya taɓa zama a zauren sulhu, a gidan mai unguwa ko a fadar hakimi, ya san yadda waɗannan kalmomi ke aiki: ana yi wa mace nasiha har sai ta gaji ta yi shiru, sai a ce ta yarda. Mariama Bâ ta ba mu macen da muke fata, wadda ta ce a'a aka ƙyale ta. Balaraba ta ba mu wadda muka sani, wadda ta ce a'a aka wuce da maganar. Ɗaliba tana bukatar ta ga duka biyun.

Inda littafin ya yi rauni da gaske shi ne hanyar da aka bi aka durƙusar da Alhaji Abdu. Gobara ce ta yi wa Rabi sakayya, ba alƙali ba, ba dangi ba, ba unguwa ba. Sunan littafin ma karin maganar da ke cewa alhaki kuykuyo ne, mai shi yake bi. Imani da sakayyar Allah gaskiya ne, amma a ƙagaggen labari yana da haɗari, domin yana sauke wa jama'a nauyi. Idan wuta ce za ta hukunta mijin da ya bar ƴaƴa 9 da yunwa, to maƙwabta da liman da alƙali ba su da aikin yi sai jira. Kuma mun san alhazai da yawa da shagunansu ba su ƙone ba.

Kishiyar da ba ta da baki

Akwai laifin da marubutan biyu suka yi tarayya a ciki, wato yadda suka yi da kishiya. Mariama Bâ ta ɗan tausaya wa Binetou, ta nuna ta a matsayin yarinyar da aka sayar da ƙuruciyarta, amma duk haushin ta juye shi a kan uwar Binetou, matalauciyar da aka zana da kwaɗayi da rashin kunya. Ba a tsaya an tambayi abin da talauci ya yi wa wannan mata ba kafin ta kai ga miƙa ƴarta. A cikin wasiƙar, matan da ke da tunani su ne waɗanda suka yi makarantar Turawa. Farmata, maroƙiyar unguwa mai duba da wuri, kusan abin dariya ce. Wannan kallon sama ne na ƴan boko, kuma ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa shi, kada su fita aji suna raina iyayensu mata.

Delu kuwa ba ta sami ko wannan ɗan tausayin ba. Muguwa ce daga shigowarta har fitarta. Ba a faɗa mana yadda aka yi ta shiga zaman kanta ba, alhali Balaraba ta fi kowa sanin hanyar. A Wa Zai Auri Jahila?, wanda shi ma ya fito a 1990, ta nuna yadda aka cire Abu daga makaranta aka ba tsoho Sarkin Noma, ta gudu birni. Abu ta dace da hannun da ya riƙe ta har ta yi karatu. Da ba ta dace ba, da ita ce Delun wani labarin. Haka kuma ladan da aka ba Saudatu saboda ladabinta shi ne auren attajirin da ya riga ya yi wasu matan. Wato abin da ya zama masifa a ɗakin uwa ya zama sa'a a ɗakin ƴa, muddin mijin yana da kuɗi kuma yana sakin hannu. Marubuciyar ba ta ga wannan karo da juna ba, ko kuwa ta gani ta bar shi haka, domin haka yake a zukatan masu karatunta. Ko wanne ne, wuri ne mai kyau na muhawara a aji.

Wadda ba ta cikin littattafan

Dakar da Kano birane ne. Macen da ta fi yawa a gundumar Dakoro ba ta cikin ɗayan littattafan nan: wadda ke tashi da asuba ta yi daka, ta tafi rijiya mai gaba da yawa, ta yi aikin gandu sannan ta wuce gamanarta, ta riƙe gida wata da watanni idan maza sun tafi cin rani Nijeriya ko Libiya. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. Masu bincike irin su Marthe Diarra da Marie Monimart sun bayyana yadda ƙarancin ƙasar noma a kudancin jihar ya sa ake hana mata gona, abin da ake kira kublen gona, a fake da addini alhali ƙasar ce ta yi kaɗan. A yunwar 2005, wadda ta yi tsanani a wannan yanki, mata ne suka yi ta layi da ƴaƴa a goye a cibiyoyin ciyar da yara. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamba na 2017 don kare karatun ƴaƴa mata ta zo ne saboda Abu tana nan da yawa a ƙauyukanmu.

Duk wannan an rubuta shi a rahotanni, da Faransanci da Ingilishi, da alƙaluma. Rahoto kuwa yakan ƙidaya mace, ba ya jin ta bakinta. Idan aka zo ga adabin Nijar, macen da aka fi sani ita ce Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Abin alfahari ce, amma namiji ne ya zana ta, kuma jaruma ce da aka ɗaga sama da sauran mata. Tsakanin Sarauniya da alƙaluman rahoto akwai fili babba, inda talakar mace take zaune da bakinta da dabararta da waƙoƙinta na daɓe da na niƙa, tana jiran marubuci.

Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa Une si longue lettre ya fi Alhaki Kuykuyo Ne gogewar salo da zurfin shiga zuciya, shi kuma na biyun ya fi na farko sanin yadda talakar mace ke rayuwa da yadda ake murƙushe ra'ayinta cikin ruwan sanyi. Kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Ba a cewa duk littafin da ya fito daga kasuwar Kano ya cancanci aji. Akwai tarkace da yawa a ciki, kamar yadda suke a kowane adabi. Amma aikin malami shi ne tankaɗe da rairaya, ya fitar da tsaba. Wanda ya ƙwace littafi bai karanta ba, bai yi wannan aiki ba.

Shawarata ga ƴan'uwana malamai ita ce, malamin Faransanci da na Hausa su haɗa darasi a kan littattafan nan biyu, a sa ɗalibai su kwatanta ranar da Ramatoulaye ta amsa wa Tamsir da ranar da aka mayar da Rabi, a kuma sa su rubuta labarin daga bakin Binetou ko Delu. Ƙungiyoyin al'adu kuma, waɗanda suka saba shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa, su ƙara da gasar gajeren labari da Hausa ga ƴan mata, su nemi gidajen rediyon karkara su karanta waɗanda suka yi fice. Balaraba ta fara rubutu ne da ilimin da ta tsinta bayan an cire ta daga makaranta. Ƴan matan da ke zaune a gabanmu yau sun fi ta samun dama a shekarunsu, abin da ya rage shi ne su ji daga bakin malaminsu cewa rayuwar iyayensu mata ta isa a rubuta, kuma Hausa ta isa a rubuta ta da ita. Allah ya sa mu dace.